Ƙwaryar Ruwa a Ƙofar Gwaggo

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma kowa zai koma, mai dogon kwana da mai gajere. Yayar mahaifina ta rasu ranar wata Talata da hantsi a ɗakin da take haya a unguwar Nyohini cikin Tamale, saura kwana tara a ɗauki azumi. Kafin azahar labari ya iso gidanmu na gado a Sabonjida. Ina tsakar gida a lokacin, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Matar baffana tana tsintar shinkafa. Ta ɗago ta ce, “Wace gwaggo kuma?” Da aka yi mata bayani sai ta ce ai ita ta ɗauka an daɗe da gama wannan, ta mayar da kai kan faifanta. Yayana, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya tambaya ko masu cocin za su binne abinsu ko sai sun dame mu. Aka ce sun kai ta mutuware, sai bayan mako uku za a yi jana'iza kamar yadda mutanen kudu suke yi. Ya ce to madalla, tunda sun iya ajiyar gawa kamar kifi, su ajiye. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu da suka yi wasan ƙasa da marigayiyar ta fara hawaye, ta dubi fuskokinmu, sai ta share da bakin mayafi ta ce hayaƙi ne. Ba a shimfiɗa tabarma ba. Ba wanda ya zo mana gaisuwa, domin a ganin unguwa ba a yi mana mutuwa ba. Ni kuwa, mai wannan rubutu, na ci gaba da shanyar da nake yi.

Shi ya sa na zauna in rubuta ta. Idan ban yi ba, nan da 'yan shekaru ba mai sanin cewa kakana ya taɓa haihuwar 'ya mace. Ba zan yi mata kwalliya ba, don ba ta son ƙarya, kuma ba ta da sauƙi. Mu ma ba zan yi mana ba.

Abin da ya sa matar baffana ta ce an gama shi ne, an taɓa yin mutuwar gwaggo sau ɗaya tun ina goye. Ta yi aure a Kasalgu, ta haifi uku, ta binne uku, mijin ya sallame ta. Maimakon ta dawo gida ta zauna, sai ta tare wurin wata mai sayar da atamfa, mutuniyar kudu, wadda ta yi jinyarta. Bayan shekara ta zo ta durƙusa gaban kakana ta ce ta bi Yesu. Ban san abin da ta gani ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambayarta ba. Kakana dillalin shanu ne, mutum mai magana ɗaya. Bai dake ta ba, bai zage ta ba. Ya sa aka jiƙa shinkafa, aka soya masa, aka raba gida gida, aka ce sadakar 'yarsa ce da ta rasu. Wanda ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa shi ne mahaifina, ƙanenta da ta goya a bayanta. Sannan tsohon ya yi rantsuwa cewa duk wanda ya fito daga tsatsonsa ya sha ruwa a hannunta, bai yafe masa ba.

Wanda bai san garinmu ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. A Tamale ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai an miƙa masa ruwa, ko da ba ya jin ƙishirwa sai ya kurɓa. Wanda ya ƙi kurɓa ya gaya maka cewa shi da kai babu. Tun daga ranar, abu ɗaya gwaggo take nema a wurinmu, ba gado ba, ba ɗaki ba: wani daga gidan ubanta ya zo ƙofarta ya sha ruwa. Shekara arba'in da wani abu tana neman wannan.

A Nyohini koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi. Kullum da asuba, kafin ta ɗora kasko, sai ta share ƙofar ɗakinta tas, ta fito da wata 'yar kujera ta ajiye a inuwa, ta cika ƙwarya da ruwa ta rufe da faifai ta ɗora a gefen kujerar. Ba mai zama a kujerar nan, ba mai taɓa ƙwaryar. Na Ubangijinta ne. Ta yi imani cewa Almasihu zai dawo, za a busa ƙaho, matattu su tashi, kuma tana so ya same ta a shirye. Takan ce ita ba ta yi boko ba, ba ta san shirin da fasto yake nufi ba, amma ta san yadda ake tarbar baƙo. Da yamma, idan bai zo ba, sai ta ɗauki ƙwaryar ta zuba a gindin wani dogonyaro da ta dasa, ta ce, “To, sai gobe.” Ba na jin akwai ranar da ta fasa. Ko a watannin zafi da famfo ke ƙafewa, mata na yawo da jarkoki har bayan gari, ruwan farko da ta samu na ƙwaryar ne. Dogonyaron da na sani sanda ce, yanzu ya fi rufin gidan tsawo.

Mutane sun yi mata dariya iyakar iyawarsu. Masu wucewa sukan ce, “Mma, baƙon naki bai iso ba?” Sai ta ce bai makara ba, mu ne masu gaggawa. An yi shekarun da wasu suka hana 'ya'yansu sayen kokonta. An taɓa zuba mata ƙasa a ƙullu. An taɓa kifar da ƙwaryar, aka yi fitsari a kujerar. Ta wanke, ta shanya, ta sake cikawa. Ba ta kai ƙara ba, ba ta kuma tashi daga unguwar ba, har waɗanda suka yi mata hakan suka tsufa suna aiko jikokinsu da kofi.

Ko a cocin nasu ba kowa ta bari ya huta ba. Wata shekara wani baƙon mai wa'azi ya zo daga kudu ya sa musu rana, ya ce ranar kaza duniya za ta tashi. Wasu suka daina zuwa aiki, wata ta raba tukwanenta. Gwaggo ta jiƙa wakenta kamar kullum. Da aka ce mata ba ta da bangaskiya, sai ta ce in ya zo zai same ta tana suya, ta ba shi da zafinsa, in kuma bai zo ba yaran makaranta za su ci. Washegari ta bi gidajen waɗanda suka raba kayansu da ƙosai a leda, tana ba su tana yi musu tsiya. Haka alherinta yake, ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai wata Bafulatana mai tallar nono da babur ya bige ta a gaban rumfarta. Gwaggo ta kwantar da ita a ɗakinta kwana huɗu, tana gasa mata ƙafa, tana nuna mata gabas idan lokacin salla ya yi, tana kuma yi mata faɗa safe da yamma kan rashin duba titi.

Ni na san ta ne da girmana. An tura ni koyarwa wata firamare kusa da ita, na riƙa wucewa ta gaban kaskonta ina kawar da kai. Wata rana ta kira ni. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ta ce, “Uwata, ko ba ki gaishe ni ba, tafiyarki ta gaishe ni. Irin ta ubanki ce.” Daga nan na fara zuwa a ɓoye bayan an tashi makaranta. Ta koya mini yadda ake buga ƙullu har ya tashi. Ta ba ni labarin kakata da ban sani ba. Na taɓa ce mata ai mu ma Musulmi muna jiran saukowar Annabi Isa, sai ta yi dariya har da tafi, ta ce to me ya hana mu zo mu jira tare, ga benci da faɗi.

Amma duk zuwan da zan yi, sai ta ɗebo ruwa a randarta ta miƙo mini, ni kuma sai in zaro ruwan leda daga jakata in nuna mata in ce na sha. Shekara bakwai muna haka. Kakana ya daɗe a kabari, amma rantsuwarsa tana jakata. Takan tsaya da kofin a hannu na ɗan lokaci, sannan ta mayar cikin randa. Na iya kallon aji cike da yara sittin ban ji komai ba, amma ban iya kallon hannun nan ba, don haka sai in dubi ƙasa har ta gama.

Da mahaifina ya tsufa, ciwon suga ya kama shi, idonsa ya fara rauni, sai ya fara ambatonta. Ba da suna ba, yakan ce “waccan ta Nyohini”. Na gaya masa gaskiya cewa ina zuwa wurinta. Na zaci zai yi faɗa, sai ya tambaye ni ko har yanzu tana cije leɓe idan tana tunani. Na yi wata biyu ina lallashinsa. Wata Asabar da rana tsaka, cikin zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi, ya sa babbar rigarsa ya ce in tsayar mana da yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku. A hanya ya ce mini tsoho ya yi rantsuwarsa ya tafi, shi zai je ya amsa a gaban Allah, amma ba zai mutu bai sha ruwan yayarsa ba. Ban aika mata cewa muna zuwa ba. Na so in ba ta mamaki, kuma wannan wautar tawa ce ni kaɗai.

Mun isa tana cikin ɗaki. Mahaifina ya sauko yana haki, ya ga kujera a inuwa ya zauna. Ya ga ƙwarya a rufe kusa da shi, ya ɗauka an ajiye wa baƙi ne, kamar yadda kowa zai ɗauka. Ya buɗe faifan, ya yi bisimilla, ya ɗaga ta da hannu biyu. Kafin in buɗe baki ta fito. Ta gan shi, ta gane shi, na ga ta gane shi. Ta yi taku uku ta kama bakin ƙwaryar.

“Ajiye. Ba naka ba ne.”

Ya ɗago ido yana neman fuskarta. Ya ce, “Yaya, ƙishirwa nake ji.”

Ta zare ƙwaryar daga hannunsa a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ce, “Ka ci masar sadakata ka ƙoshi, sai yau ƙishirwa ta kama ka? Matattu ba sa ba da ruwa.”

Na jira ta shiga ta ɗebo masa na randa. Shi ma ya jira. Ba ta motsa ba, tana tsaye rungume da ƙwaryar, leɓenta a cije. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce mata ta yi gaskiya, ya kama hannuna muka fito titi. Na saya masa ruwan leda mai sanyi. Ya riƙe shi a cinyarsa har Sabonjida bai fasa ba.

Bai yi wata biyu ba ya rasu. Ta ji, ta zo da farin mayafi, yayana ya tare ta a bakin zaure ya ce gidan nan ba a karɓar gaisuwar matattu. Ta koma tsallaken hanya ta tsaya a rana tun hantsi har aka fito da makara. Ana ta wucewa da butoci da kofuna ana ba masu gaisuwa, ba wanda ya tsallaka wurinta. Ina kallonta ta tagar ɗakin mahaifiyata, akwai randa a bayana, kuma na ji daɗin ganinta tana shan zafin ranar nan. Na faɗa ne don haka aka yi.

Shekara shida ban sake taka ƙofarta ba. Na nemi canjin makaranta don kada in bi hanyar. Tana da maƙwabciya, tsohuwar malamar asibiti daga kudu, 'yar cocinsu, mai Hausar kasuwa wadda kowa “kai” ne ko “shi” a bakinta, mace ko namiji. Sau uku gwaggo tana aiko ta wurina da saƙo ɗaya: a gaya wa uwata ruwan yana nan. A na ukun na ce ta koma ta gaya mata matattu ba sa ba da ruwa. Matar ta dube ni ta ce lallai jini ɗaya ne. Mu gidanmu ba mu gaji shanun kakana ba, sun ƙare tun da daɗewa, amma riƙonsa kowa ya samu kaso.

Abin da ya faru a shekarun nan shida, daga bakin maƙwabciyar na ji shi daga baya. Ta ce gwaggo ba ta fasa shara ba, ba ta fasa cika ƙwarya ba, amma ta daina tsiya. Ta je wurin fasto ta ce masa shekara arba'in tana ajiye wa Ubangijinta ruwa, ya aiko mata da mai ƙishirwa har kan kujerarsa, ta ƙwace. Ta tambaye shi ko irinta za ta tashi cikin masu murna ranar da aka busa ƙaho. Ya ce mata gafara ta fi laifinta girma. Ta ce ta yarda, amma tana so ta gani da idonta tun a nan. Daga ranar ta ce ƙwaryar ta wanda ya riga zuwa ce, ko Shi, ko wani daga Sabonjida. Da ƙafafunta suka kumbura ta daina suya, sai ta riƙa zama a ƙasa kusa da kujerar tana kallon titi. Duk yalo-yalon da ya rage gudu sai ta gyara ɗankwali. Da yamma ta ja jiki ta zuba wa dogonyaro, ta ce sai gobe. Maƙwabciyar ta taɓa ce mata ta haƙura da mutanen nan, ba za su zo ba. Ta ce wanda ya iya jiran Almasihu ai jiran 'yar ƙanensa ba zai gagare shi ba.

Ranar Talatar ta yi shara, ta cika ƙwarya, ta ce kanta na juyawa, ta shiga ta kwanta. Shi ke nan.

Na ce a farko shanyata na ci gaba da yi da labarin ya zo. Na so in tafi a ranar. Sai na ce bari gobe, kada yayana ya ce na yi rawar ƙafa. Gobe ta yi, na ce ai gawar tana mutuware, mako uku ne, ba gaggawa. Sai cefanen azumi, sai niƙan gero, sai wankin labule. Kowace safiya ina da dalili mai kyau. Ranar Laraba ta biyu aka ga wata. Ranar Alhamis, ɗaya ga azumi, bayan azahar, na ɗauki mayafi na ce zan je kasuwa.

Ƙofar a share take. Kujerar tana inuwa, ƙwaryar tana gefenta a rufe da faifai. Na tsaya ina kallo, na rasa ko in yi sallama, wa zai amsa. Maƙwabciyar ta fito daga ɗakinta tana ɗingishi, ta dube ni sama da ƙasa.

“Kai ne? Kwana tara ina zuba ruwan nan. Mma ya ce in ya mutu kar in bari, uwa nashi zai zo.”

Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauko ƙwaryar, ta buɗe, ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce, “Maraba. Sha.”

Na karɓa. Ruwan yana da sanyi, har gumi ƙwaryar take yi. Sai a lokacin na tuna. Na ce mata, “Ina azumi.”

Ba ta yi mamaki ba, ta daɗe a Tamale, ta san watan. Ta ce, “Jiya fa? Jiya ma ka yi azumi?”

Na roƙe ta ta bar shi, zan zauna a nan har a kira magariba in sha. Na ce awa huɗu ne kawai. Ta girgiza kai ta karɓe ƙwaryar daga hannuna, a hankali, yadda aka taɓa karɓe ta daga hannun mahaifina.

“Mma ya jira shekara arba'in. Ni ban iya jira kamar shi ba. Ya ce in zuba har wani ya zo. Ka zo. Na gama.”

Ta taka zuwa gindin dogonyaro ta juye. Ƙasar ta shanye nan take. Ta kakkaɓe ƙwaryar ta ba ni, ta ɗauki kujerar ta shige da ita.

Na je jana'izar bayan mako biyu, ni kaɗai daga gidanmu. Da aka ce dangi su miƙe, na miƙe. Ban san irin addu'ar da zan yi mata ba, har yanzu ban sani ba. Allahn da ya ga shararta ta kowace asuba, ya ga abin da ta yi wa ƙanenta, ya kuma ga abin da muka yi mata, Shi ya san inda zai ajiye kowa. Ita dai ta tafi tana jira, sun ce sun kwantar da ita yadda za ta tashi da sauri idan an kira.

A ranar Alhamis ɗin na koma gida da ƙwaryar a cikin mayafi. Da ladan ya kira magariba, ana ta miƙo dabino da koko, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na cika ta daga randata, na yi bisimilla, na shanye har ƙasa. Amma ruwana na sha, ba nata ba.